Tara mil ɗin jirgi da katin ATM ko da katin bashi: tambayoyi da amsoshi

Tun ranar da bakina ya suɓuce na ce tikitin da na je gida da shi bara ba da kuɗi na yanka ba, da mil na yanka, ban sake hutawa ba, ko a masallacin Juma'a sai wani ya ja ni gefe, wasu kuma daga Kano da Maraɗi suke turo saƙon murya mai tsawon minti bakwai. Shi ya sa na ce bari in tara tambayoyin wuri ɗaya. Yawancin abin da zan faɗa a kan Amurka ne, don nan ne harkar ta fi ƙarfi kuma nan nake zaune, inda ya taɓa gida zan faɗa.

Wai mene ne ma mil ɗin nan da kuke ta magana?

Maki ne kawai da kamfanin jirgi yake tara maka a asusunka, in ya yi yawa ka karɓi tikiti da shi ko ka koma kujerar manya. American Airlines ta fara shirinta na AAdvantage a 1981, a lokacin nisan tafiyarka ake aunawa, shi ya sa sunan ya zama mil. Daga baya bankuna suka shigo, a 1987 Citibank ya fito da katin da ke ba da mil ɗin American in ka yi sayayya, shi ke nan harka ta juye, yau akwai mutumin da ya tara dubu ɗari bai taɓa taka filin jirgi ba, cefane da man mota kawai.

Ni fa ban yarda da kyautar banki ba. Wa ke biyan kuɗin?

Ka yi daidai da ba ka yarda ba, ruwa ba ya tsami banza. Duk lokacin da ka goga kati a kanti, mai kantin ba ya samun kuɗinsa cif, ana yanke wata la'ada a ba bankin da ya ba ka katin. A katin bashi na Amurka la'adar nan tana kai wa wajen kashi 2 cikin 100, masu manyan lada ma su wuce haka. Daga cikinta banki yake ɗiba ya je wajen kamfanin jirgi ya sari mil kamar yadda ake sarin atamfa a Kwari, sai ya riƙa raba muku kaɗan-kaɗan don ku ci gaba da goga katinsa.

Kuma ba ƙaramar kasuwa ba ce. Abin da kamfanin jirgi na Delta ya samu daga kamfanin kati na American Express a 2024 kaɗai ya haura dala biliyan 7. Lokacin korona da jirage suka kwanta, Delta ta jinginar da shirinta na SkyMiles ta ciwo bashin dala biliyan 9 a 2020, American ma ta yi haka da nata ta karɓi biliyan 10 a 2021. Wato masu ba da bashi sun fi yarda da makin nan a kan jiragen kansu. Mai kanti kuwa ba wawa ba ne, la'adar da aka yanke masa ya riga ya zuba ta a kan farashin kaya, don haka har wanda ya biya da tsabar kuɗi yana cikin masu biya wa wasu tikiti bai sani ba. Wannan wurin yana ɗan sosa min rai gaskiya, amma haka tsarin yake.

To me ya hana katin ATM ɗina ba ni mil, ai shi ma goga shi nake yi?

A da yana bayarwa. Kafin 2011 manyan bankuna da yawa suna da katin debit, wato katin ATM, mai lada, bankin Chase ma yana da wanda ke tara mil ɗin kamfanin jirgi na Continental. Abin da ya kashe su doka ce. Bayan rikicin tattalin arziki na 2008 aka yi dokar Dodd-Frank a 2010, wani sanata daga jihar Illinois mai suna Dick Durbin ya cusa wani sashe a ciki da ya ce a ƙayyade la'adar katin debit. Babban bankin Amurka ya sa iyakar, ta fara aiki 1 ga Oktoba 2011: senti 21, da kashi 0.05 cikin 100 na kuɗin sayayyar, da ƙarin senti 1 na yaƙi da zamba. Kafin nan matsakaicin abin da ake karɓa wajen senti 44 ne.

Yi lissafin da kanka. Ka sayi kayan dala 100 da debit na ɗaya daga manyan bankunan nan, abin da bankin zai samu bai wuce senti 27 ba. Ka saye su da katin bashi, bankin ya tashi da wajen dala 2. To mai senti 27 da me zai sayo maka mil, bayan shi ma yana da ma'aikata da wuta da zai biya? Shi ya sa tun kafin dokar ta fara aiki bankuna suka riƙa aiko da wasiƙu cewa an rufe ladan debit. Iyakar ba ta taɓa la'adar katin bashi ba ko kaɗan.

Kenan babu katin debit mai mil yanzu sam?

Akwai, 'yan kaɗan. Dokar ta ware bankunan da dukiyarsu ba ta kai dala biliyan 10 ba, su ba a ƙayyade musu ba, to ta wannan ƙofar ake bi. A 2025 kamfanonin jirgi na Southwest da United duk sun fito da katin debit mai lada, kuma in ka duba bayan katin ba sunan wani katafaren banki za ka gani ba, wani ƙaramin banki ne na jihar Minnesota, Sunrise Banks. Delta ma ta daɗe tana da nata ta hannun bankin SunTrust wanda ya koma Truist bayan ya haɗe da wani banki a 2019.

Sai dai kar ka ɗauka garaɓasa ce. Abin da aka saba gani shi ne mil 1 a kan kowace dala 2 ta sayayyar yau da kullum, rabin na katin bashi kenan, sannan ga cajin wata-wata ko na shekara, wanda galibi ba a yafe maka sai ka bar wasu dubban daloli kwance a asusun. Sharuɗɗan nan suna canzawa kamar farashin tumatir, ka karanta na ranar da za ka buɗe.

A taƙaice dai, wanne ya fi tarawa?

Katin bashi, kuma ba kusa ba. Mu ƙaddara kana kashe dala 1,500 a wata da kati, shekara ta kama 18,000. Da debit mai mil ka tara 9,000. Da katin bashi na jirgi mafi sauƙi ka tara 18,000, wasu wuraren kamar gidan abinci ko tikitin kamfanin kansa ma ninki biyu ake ba ka. Amma ba nan ne babban bambancin yake ba, yana wajen bonas ɗin shiga: sau da yawa za ka ga an ce mil 50,000 ko 60,000 in ka kashe dala dubu 3 ko 4 a wata ukun farko. Wannan bonas ɗin kaɗai ya kai abin da mai debit zai tara a shekara shida.

In muka ƙaddara tikitin zuwa gida da dawowa zai ci mil 80,000, mai debit sai ya yi kusan shekara tara yana tarawa, kafin nan yaron da aka haifa ranar da ya buɗe katin ya shiga aji uku, kuma farashin ya riga ya tashi. Mai katin bashi yana iya kaiwa a shekara ɗaya da 'yan watanni.

To ai magana ta ƙare, kowa ya koma katin bashi mana?

A'a, tsaya tukuna, nan ne ramin yake. Mil ɗaya in ka auna shi da kuɗi bai fi senti 1 zuwa 1 da rabi ba a yawancin tafiye-tafiye. Kuɗin ruwan katin bashi a Amurka kuwa ya haura kashi 20 cikin 100 a shekara. Ka ci bashin dala 1,000, an ba ka mil 1,000, wato abin da bai wuce dala 12 ko 15 ba, in ka bar bashin nan ya shekara a kanka ka biya wajen dala 200 na ruwa. An ba ka kaza an karɓe maka rago.

Katin yana amfani ne kawai ga wanda yake biyan duk abin da ya ci kafin ranar da aka sa, kowane wata, ba fashi. Ba wannan ɗan ƙaramin adadin da suke rubutawa a saman takarda cewa shi ne mafi ƙarancin biya ba, wannan tarko ne, duka za ka biya. Ga kuma kuɗin shekara na katin, na talakawa wajen dala 95 zuwa 150, na manya ɗaruruwa. Sai kuma abin da mutane ba sa son a faɗa, hannu ya fi saki in ba daga aljihunka kuɗin ke fita nan take ba. Na san wani bawan Allah da ya sayi talabijin ɗin da ba ya buƙata don kawai ya cika sharaɗin bonas, ya zo yana min murna wai ya samu tikiti kyauta, ban ce masa komai ba don ya girme ni.

Malam, ya maganar riba? Ya halatta ma in riƙe katin bashi?

Ni ba malami ba ne, ba zan ba ka fatawa ba, amma ga yadda maganar take. Katin debit babu rigima a kansa, kuɗinka ne kake kashewa. Katin bashi kuwa, yarjejeniyar da ka sa wa hannu tana ɗauke da sharaɗin cewa in ka makara za ka biya ruwa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, wadda ke ƙarƙashin ƙungiyar OIC, a zamanta na Riyadh a 2000 ta ce bai halatta a yi mu'amala da katin da ke da wannan sharaɗin ba, ko da mutum ya ƙudurta zai biya kafin ruwan ya hau. Akwai kuma malaman da suka yi sauƙi ga mazauna ƙasashen Turawa, saboda a nan hayar gida da hayar mota da wasu abubuwan suna wahala in ba ka da tarihin bashi, da sharaɗin ka tabbata ba za ka taɓa bari ruwa ya hau ba.

Abin da zan ƙara nawa shi ne, su masu sauƙin nan a kan larura suka yi magana, kuma tara mil don zuwa hutu ban ga yadda za a kira shi larura ba. Ka je wa malamin da ka yarda da shi, ka faɗa masa ainihin dalilinka ba wanda ka gyara ba. 'Yan uwanmu da ke Dubai su abin ya zo musu da sauƙi, bankuna irin su Emirates Islamic da Dubai Islamic Bank suna da katin da ke tara mil ɗin Skywards na jirgin Emirates wanda kwamitin shari'arsu ya duba.

Na yanke ba zan taɓa katin bashi ba. Akwai wata hanyar?

Akwai, kuma ita ce na fi son mutane su sani don kusan kowa yana asararta. Na farko, ka yi rajistar shirin kamfanin jirgin, kyauta ne, ka riƙa sa lambarka duk tikitin da ka yanka. Mil ɗin tafiya ba ruwansa da irin katin da ka biya da shi, ko da tsabar kuɗi ka ba ejan za a ba ka. Na biyu, manyan kamfanonin Amurka suna da shafin sayayya, ka shiga ta cikinsa ka wuce kantin da dama za ka saya a intanet, ka biya da debit ɗinka, kantin ne ke biyan mil ɗin ba banki ba, wani lokaci mil 2 ko 5 a kan dala ɗaya, wanda ya fi abin da katin debit mai mil zai ba ka. Na uku akwai shirin gidajen abinci, ka ɗaura katinka sau ɗaya shi ke nan, sai dai ka duba ko akwai na halal a cikinsu a unguwarku.

Akwai wani banki a Texas, Bask Bank, da ke ba da mil ɗin American a kan kuɗin ajiya maimakon kuɗin ruwa. Mutane suna turo min shi wai ga mafita, amma ka lura, a madadin ruwan ake ba ka shi, har takardar haraji suke aiko maka a matsayin ruwa, don haka in gudun riba kake yi wannan ma sai ka tambaya.

Ina turo kuɗi gida duk wata. In na tura da katin bashi zan samu mil?

Kar ka fara. Bankuna da yawa suna ɗaukar tura kuɗi a matsayin ka ciri tsabar kuɗi ne daga katin, kuma irin wannan babu mil a kansa, ga caji na kashi 3 zuwa 5 nan take, ga ruwa da ke fara hawa tun daga ranar ba jiran ƙarshen wata. Kamfanin turawar ma yakan ƙara nasa cajin in katin bashi ne. Kuɗin Hajiya da na makarantar yara ka tura su ta debit ko kai tsaye daga asusu.

Ban da mil, akwai wani bambanci in ana tafiya?

Akwai guda biyu masu muhimmanci. In ɓarayi suka sace lambar katin bashi, dokar Amurka ta ce abin da zai hau kanka bai wuce dala 50 ba, kuma kuɗin banki ne suka tafi ba naka ba. A debit kuwa lokaci ake dubawa: ka kai rahoto cikin kwana 2 na aiki da ganewa, dala 50, ka wuce haka yana iya kai wa 500, ka bar shi ya wuce kwana 60 bayan an aiko maka bayanin asusu kana iya rasa komai. Yawancin bankuna suna mayarwa a aikace, amma kafin su gama bincike kuɗin hayarka ne ba sa nan.

Na biyun shi ne otal da masu hayar mota, suna riƙe wani kuɗi a katin a matsayin jingina. Ya taɓa faruwa da ni a wani otal, na ba su debit, suka riƙe kuɗin da sai da na kusan mako da barin garin kafin su sake shi, ni kuwa da shi na yi niyyar sayen tsaraba. Wasu masu hayar motar ma da sun ga debit sai su fara neman tikitin komawarka da wasu takardu.

Ban daɗe da zuwa ba, ba ni da tarihin bashi. Za su ba ni katin mil?

Da wuya. Katunan nan masu bonas suna son makin tarihin bashi mai kyau, ma'aunin da ake kira FICO daga 300 yake zuwa 850, sabon zuwa kuwa ba shi da ko ɗaya. Hanyar da aka saba ita ce katin jingina, ka ajiye misali dala 300 a ba ka katin da iyakarsa 300, ka riƙa sayen ɗan abu kana biya, bayan wata shida zuwa shekara tarihi ya fara fitowa. Kuma kar ka bi kowane kati kana nema, Chase alal misali an san su da ƙin ba wanda ya buɗe kati 5 cikin wata 24.

Ni ina Kano, katin naira ne da ni. Wannan maganar ta shafe ni?

Ɓangaren kati, ba sosai ba. A Najeriya kusan kowa debit yake riƙewa, Verve ko Mastercard ko Visa, kuma la'adar da aka yarda a yanka wa ɗan kasuwa kashi 0.5 ce kawai, balle ma yanzu mai shago lambar asusu zai nuna maka a bango ya ce yi taransifa. Babu rarar da za a sayo mil da ita.

Amma ɓangaren tafiya ya shafe ka fiye da mu ma. Alhazan da ke zirga-zirgar Guangzhou da Dubai da Alƙahira sau huɗu sau biyar a shekara, da yawansu ba su da lambar ShebaMiles ta Ethiopian ko ta EgyptAir Plus, ko Alfursan ta Saudia ga masu yawan Umara, ejan ya yanka tikiti kawai a tafi, abin da za su tara ya bi iska. Ethiopian da EgyptAir da Turkish da United duk ƙungiya ɗaya suke, Star Alliance, don haka lamba ɗaya ta isa, ka zaɓi guda ka riƙa zuba komai a ciki maimakon ka warwatsa. Ka tabbata sunan da ke asusun ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, Muhammad da Mohammed a wajen kwamfuta mutum biyu ne. A cikin gida ma Air Peace tana da nata shirin, Peace Advantage.

Mu da ke Ingila da Jamus fa, me ya sa namu bonas ɗin bai kai na Amurka ba?

Dalilin dai ɗaya ne. Tarayyar Turai ta ƙayyade la'adar tun 2015, kashi 0.2 a debit, kashi 0.3 a katin bashi, Ingila ma ta ci gaba da bin haka bayan ficewarta. Su har katin bashin aka matse, shi ya sa da yawa daga masu tara Avios, makin British Airways, a can American Express suke riƙewa. Abin da kuke da shi mai kyau a Ingila shi ne sashe na 75 na dokar bashi ta 1974, in ka sayi abu tsakanin fam 100 da 30,000 da katin bashi, tikiti alal misali, kamfanin ya rushe, bankin ma yana da alhakin biyanka. Debit ba ya cikin wannan sashen.

Mil yana lalacewa in na ajiye shi?

Ya danganta. Na Delta da United da Southwest ba sa mutuwa. Na American yana tafiya in asusun ya yi wata 24 ba motsi, Avios wata 36. Na Emirates da Turkish kuwa wajen shekara uku suke yi. Amma ko wanda ba ya mutuwa yana ramewa, don kamfanin ne ke da ikon cewa tikiti mil nawa ne, Delta ta cire jadawalin farashinta tun 2015, United ta bi a 2019, yanzu farashi yana hawa da sauka yadda suka ga dama. Ba fili ba ne da za ka ajiye wa 'ya'ya, da ya isa tikiti ka kashe shi.

To in na tara, da gaske zan je gida kyauta?

Kyauta-kyauta dai a'a, haraji da kuɗin filin jirgi da tsabar kuɗi ake biyansu. Tafiyar cikin Amurka dala 5.60 ce kowace fuska, amma ta ƙetare tana iya kai wa ɗaruruwa, musamman in ka bi ta Landan da British Airways, su suna ɗora wani ƙarin caji mai nauyi. Delta tana tashi Atlanta zuwa Legas da New York zuwa Accra, United tana tashi daga Washington zuwa biranen biyu, mutanen zango na Bronx sun fi kowa sanin hanyar Accra ɗin nan. Mai son sauka Kano kai tsaye ba tare da wahalar Legas ba sai ya duba ko mil ɗin United zai samo masa kujerar Ethiopian ta Addis Ababa ko EgyptAir ta Alƙahira, mai zuwa Yamai kuma ya duba Turkish ko Ethiopian.

Kujerun mil kaɗan ake warewa a kowane jirgi, kuma Disamba da goman ƙarshe na azumi kowa su yake nema, ana buɗe sayarwa wajen wata goma sha ɗaya kafin tafiya, ni tun lokacin nake fara leƙawa, in ban samu ranar da nake so ba in matsa zuwa Talata ko Laraba. In ku biyar ne a gida kar ka sa rai za ka samu kujeru biyar a jirgi ɗaya, ka yanka biyu da mil sauran da kuɗi, amma ka kira kamfanin su haɗa tikitocin a san tare kuke, kar a canza wa uwar yara jirgi a bar ka da su a Addis.